Baba ya ƙi gashin ƙashi bayan aikin gwiwa: mu ƙyale shi ya huta?

Tambaya: "Assalamu alaikum likita. Mahaifina ne, shekararsa 68, aka yi masa aikin canjin gwiwa mako uku da suka wuce. Likitan da ya yi aikin ya ce komai ya tafi daidai, ya tura mu wajen masu gashin ƙashi. Mun je sau biyu, daga nan Baba ya kafe ya ce ba zai koma ba, wai azaba kawai suke gana masa, tunda an riga an yi aiki a bar shi ya huta ciwon ya warke tukuna. Yanzu a kwance yake wuni, mun sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwar don ya ji daɗi. Yayana ya goyi bayansa, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin gashin nan dole ne? Idan muka jira wata biyu zafin ya ragu, akwai matsala?"

Wa alaikumus salam. Sannunku da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko gashin dole ne bayan likita ya ce aiki ya yi kyau, da kuma ko za a iya ɗage shi har zafi ya lafa. Na farko, eh, dole ne. Na biyun ne ya fi tayar mini da hankali, domin makonnin da kuke shirin jira su ne makonnin da gwiwa ta fi karɓar gyara, kuma in suka wuce ba a cika samun irinsu ba. Gashin ƙashi, wato fisiyo, mayar da gaɓa da tsoka kan aikinsu ta hanyar atisaye, aikina ne, yawancin waɗanda nake gani kuma daga ɗakin tiyata suke fitowa, saboda haka maganar Baba ba baƙuwa ba ce a kunnena. Kafin mu yi nisa, ki je ki zare matashin nan daga ƙarƙashin gwiwarsa. Dalilin yana tafe.

Abin da wuƙar likita ba ta iya yi

Likitan bai yi muku ƙarya ba, nasa ɓangaren ya kammala. A aikin canjin gwiwa ana yanke fuskar ƙasusuwan da suka zaizaye, a sa wa ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri murfin ƙarfe, a saka wata roba mai tauri a tsakani. Gogayyar ƙashi da ƙashi da ta addabi Baba shekara da shekaru ta ƙare ke nan. Sai dai ƙarfe ba ya miƙe ƙafa, ba ya ɗaga mutum daga kujera. Wannan aikin babbar tsokar gaban cinya ne, ita kuwa a gajiye ta shiga tiyata, don mai ciwon gwiwa yakan daɗe yana lallaɓa ƙafar yana jibga nauyinsa a kan ɗayar. Ƙari a kan haka, a yawancin irin wannan aiki ta jikin jijiyar tsokar ake tsagawa a shiga gaɓar. An auna ƙarfinta a bincike fiye da ɗaya, an ga wata guda bayan aiki takan rasa kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin da take da shi kafin a shiga tiyata.

Abin mamakin shi ne, mafi yawan wannan rauni ba daga ramewar tsokar yake ba. Idan gaɓa ta kumbura tana zafi, jijiyoyin cikinta sukan aika saƙo zuwa laka, laka kuma ta rage umarnin da take ba tsokar. Tsokar tana nan, amma ba ta amsa kira. Nakan kwantar da majinyaci in ce masa ya danna bayan gwiwarsa a kan gado, ya ɗaure cinya. Sai ki ga ya ciji leɓe, ya ɗaure ciki da wuya, ya riƙe numfashi, ɗayar ƙafar ma ta ƙage, wadda ake nema kuwa ko gezau. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ƙafar nan fa ba ta jin magana." Sai in ɗora tafin hannunsa a kan cinyar, in sa ya yi a lafiyayyar ƙafar ya ji yadda take tashi, ya dawo kan wannan. A ɗaure, a saki, a ɗaure, a saki, sau goma a zama ɗaya, zama da yawa a yini. Wata rana sai ƙoƙon gwiwar ya ɗan zame sama da kansa. Daga wannan ɗan motsin ne tsayuwa da tafiya da hawan bene suke farawa, kuma kwanciya ba ta kawo shi.

Tunanin Baba, cewa mai ciwo hutu yake buƙata, ba na rashin sani ba ne. Likitoci ma haka suka ɗauka tsawon zamani, akan kwantar da wanda aka yi wa tiyata mako biyu ko uku bai taka ƙasa ba. A 1947 wani likita a Ingila, Richard Asher, ya rubuta maƙala a mujallar likitocin Birtaniya kan haɗarin kwanciyar gado, ya lissafa yadda take daskarar da jini a jijiyoyin ƙafa, ta tara majina a huhu, ta ramar da tsoka, ta zuƙe ƙwarin ƙashi. A 1966 a birnin Dallas na Amurka aka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 na mako uku, lafiyarsu ƙalau, don kawai a ga abin da zai faru. Ƙarfin zuciya da huhunsu wajen aiki ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka nemo su aka sake aunawa, sai aka tarar tsufan shekara 30 bai yi musu ɓarnar da kwanciyar mako uku ta yi ba. Samari ke nan. A 2007 an yi irin wannan gwaji da lafiyayyun dattawa sa'o'in Baba, kwana 10 kacal a gado: naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo ɗaya, ƙarfin miƙe gwiwa ya ragu da fiye da kashi 15 cikin 100. Tun shekarun 1990 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Danmak, Henrik Kehlet, ya shige gaba wajen sauya tsarin jinya gaba ɗaya: a danne zafi da kyau, a tayar da majinyaci da wuri. Shi ya sa yau a asibitoci da yawa ake tsayar da wanda aka canza wa gwiwa a ranar aikin ko washegari.

Me ya sa wata biyu ya yi yawa

Jiki mataki-mataki yake ɗinke rauni. Kwanakin farko na kumburi ne da zafi. Daga nan har wajen mako uku yana zuba sabon naman tabo a duk inda wuƙa ta bi, ciki da waje. Sannan tabon ya shiga tsara kansa yana tauri, abin da kan ɗauki shekara ko fiye. Tabon ciki ba ya zaɓe. In ya sami gaɓa a tsaye cik, sai ya manne tsoka da jijiya da rigar gaɓar wuri ɗaya, ya ƙage. In ya same ta tana lanƙwasa tana miƙewa kullum, sai zarurrukansa su jeru ta hanyar motsin, su bar mata sarari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tabon Baba kuwa yanzu ɗanye ne.

Muna auna wannan da wani ɗan ma'aunin kusurwa mai hannu biyu da muke ɗorawa a gefen gwiwa. Miƙaƙƙiyar ƙafa sifiri ce. Tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasa wajen digiri 65, hawan bene wajen 85, saukowa da zama a kujera 90 zuwa 100, tashi daga gajeriyar kujera fiye da haka. Tsugunno kuwa ya haura 130, kuma ba kowace gwiwar ƙarfe ce ke kaiwa can ba ko an yi gashi yadda ya kamata. Idan aka kai mako shida gwiwa ba ta kai 90 ba, likitan tiyata yakan fara tunanin mayar da majinyaci ɗakin tiyata, a sa shi barci, a lanƙwasa gwiwar da hannu har tabon ya tsinke. Wannan ɗin ma ya fi yin aiki kafin a cika wata uku. To ki lissafa: mako uku da aka ci, a ɗora wata biyun da kuke son jira, kun isa bakin wannan iyakar da gwiwar da ba a motsa ba. Ga shi kuma zafin da kuke jira ya tafi ba lallai ya tafi ba, don ƙagaggiyar gaɓa tana da nata ciwon.

Mu koma kan matashi. Kumburarriyar gwiwa ta fi jin daɗi a ɗan lanƙwashe, don a haka cikinta ya fi yalwa. Amma in ta wuni ta kwana a haka, naman bayanta yakan gajarce, ta ƙi miƙewa sosai. Gwiwar da saura digiri 10 ta miƙe tana sa ɗingishi, tana gajiyar da cinya ko a tsayuwa kawai, tana jawo ciwon baya da na kwatangwalo. A abin da na gani, dawo da miƙewa ya fi dawo da lanƙwasa wahala nesa ba kusa ba. Idan za a ɗaga ƙafar saboda kumburi, a jera matashin a ƙarƙashin ƙwauri har diddige, gwiwa a miƙe. Sannan sau da yawa a yini a naɗe tawul a sa ƙarƙashin diddige kaɗai, a bar gwiwar ta sauka da nauyinta na 'yan mintuna. Ba daɗi, amma kaɗan ne cikin atisayen da muke bayarwa suka kai shi amfani.

Maganar zafi

Kada kowa ya ƙaryata Baba. Canjin gwiwa yana cikin ayyukan da aka sani da zafi bayan tiyata, ya fi canjin kwatangwalo. Amma zafin da ake ji a gashi iri biyu ne. Akwai mai ja, wanda ke zuwa a ƙarshen lanƙwasa ya lafa in an saki. Akwai kuma mai suka, wanda ke biyo mutum gida ya hana shi barci. Nakan ce wa majinyaci ya auna zafinsa daga sifiri zuwa goma. Har huɗu ko biyar muna tare, matuƙar ya sauka bayan an gama, kuma washegari gwiwar ba ta fi jiya kumburi ko tauri ba. In ya kwana bai runtsa ba, ya wayi gari gwiwa ta yi suntum, to an wuce gona da iri. A rage, kada a daina.

A nan zan faɗi abin da wasu abokan aikina ba za su so ji ba. Akwai masu ganin in majinyaci bai yi ihu ba, ba a yi aiki ba, su danne gwiwa da ƙarfin tsiya. Ko ta fuskar ilimi wannan kuskure ne. Zafi mai tsanani yana sa tsoka ta ƙanƙame don kare kanta, yana ƙara kumburi, kumburi kuma ya ƙara kashe tsokar cinyar nan da muke neman tayarwa. Ga tsoron da yake dasawa: wanda aka murɗe sau ɗaya, da ya ga hannu ya nufo ƙafarsa zai ɗaure jiki. Idan abin da ya sami Baba ke nan, yana da hujja, kuma gyaran yana wajen mai gashin.

Ku faɗa wa mai gashin kai tsaye cewa zama biyun farko sun yi wa Baba yawa. Ku tambayi likita ko za a daidaita lokacin shan maganin zafi ya zo rabin awa zuwa awa guda kafin a fara, in kuma maganin bai isa ba a sake duba shi. Bayan an gama a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 zuwa 20, ƙafa a ɗage. Wata dabara da ke yi mini aiki da dattawa ita ce in bar linzamin a hannunsu: mutum ya zauna a kujera ya ja diddigensa baya da kansa, ya taimaka da ɗayar ƙafar ko da tawul, ya tsaya inda ya ga dama. Sau da yawa yakan kai inda da ni na tura shi da ba zai yarda ba.

Wani abin da ke sa a raina gashi shi ne mutane sukan zo da tsammanin na'ura. Sun fi yarda da fitila mai zafi da tausa, abin da ake yi musu suna kwance. Waɗannan suna iya sassauta ciwo na ɗan lokaci, ban raina su ba, amma ba su ke mayar da mutum kan ƙafarsa ba, ɗumin fitila ma a kan gwiwa mai sabon kumburi ƙara kumburin yake yi. Akwai wata na'ura da aka daɗe ana ɗora ƙafa a kanta tana lanƙwasa ta awa da awanni. Da aka tattara binciken da aka yi a kanta a 2014, amfaninta bai taka kara ya karya ba. Wadda ta fita daban ita ce mai tsikarar tsokar cinya da lantarki ta ɗaure, ga wanda tsokarsa ta ƙi amsawa, ita ma sai an haɗa da ƙoƙarin majinyacin. Ainihin aikinmu shi ne mu auna, mu zaɓi motsin da ya dace da matakin warkewa, mu san lokacin ƙari da na ragi, mu hango matsala da wuri. Sauran a gida ake yinsa. Awa ɗaya a wajenmu sau biyu a mako ba ta tsinana komai in sauran awannin a kwance ake cinye su.

Wannan ya ba ku mafita. Bincike ya nuna cewa ga wanda aikinsa bai zo da tangarɗa ba, tsararren atisaye a gida tare da dubawa lokaci-lokaci yana iya kamo zuwa asibiti a kai a kai. Saboda haka kuna iya komawa wajen wanda kuka fara da shi bisa sabon sharaɗi, ko ku nemi wani, ko a riƙa zuwa gida, ko a rubuta muku tsari ku bi ana bibiya. Ga Baba da ya riga ya yi asarar kwanaki kuma tsoro ya shige shi, ni na fi son ƙwararre ya sa masa hannu tukuna, a ga inda gwiwar take, kafin a sakar muku ragamar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 2.4 ne ke da larurar da irin wannan kulawa za ta amfana, kuma a wasu ƙasashe fiye da rabin masu buƙata ba sa samu. Ku kun samu har an ba ku rana, kada ta kuɓuce muku.

Abin da za ku duba kafin a koma motsi

Tunda ya daɗe a kwance, ki duba sharaɓarsa yau. Idan ɗaya ta fi ɗaya kumburi, tana zafi, tana ciwo in an taɓa, kada a tausa ta, a kai shi asibiti, don yana iya zama gudan jini. Idan numfashi ya yi masa wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Haka zazzaɓi, ko ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zafi ya ƙaru sosai ba dalili, ko ya faɗi ya kasa taka ƙafar. Idan an ba shi maganin tsinka jini, ki tabbatar yana sha yadda aka rubuta.

Ga masu karatu da nasu aikin ba na gwiwa ba ne, kada ku ɗauki atisayen nan ku ɗora wa kanku. Kowace tiyata da nata tsarin. Wanda aka yi wa aiki a ciki, huhunsa ne abin tsoro, don zafi kan hana shi jan dogon numfashi da tari. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya da Niyu Zilan kan mutum 441, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa zama ɗaya na minti 30 da likitan fisiyo kafin tiyata, a koya wa mutum atisayen numfashi, ya rage matsalolin huhu da rabi. Wanda aka buɗe wa ƙirji sai ya kula da ɗaga nauyi har ƙashin ƙirjin ya haɗe, wajen mako shida zuwa takwas. Wanda aka ɗinke wa jijiyar kafaɗa ko ta yatsa, a farko hana shi motsa ta da ƙarfinsa ake yi. Matasan da aka gyara wa jijiyar tsakiyar gwiwa kuwa matsalarsu akasin ta Baba ce, su garaje ne: komawa fagen wasa kafin wata tara yana ƙara haɗarin sake tsinkewa. Rabin aikinmu tura masu noƙewa ne, rabi riƙe masu rawar ƙafa.

Ban ga gwiwar Baba ba, ban kuma ga takardar aikinsa ba. Idan likitan tiyata ya gindaya wani sharaɗi, kamar kada ya ɗora cikakken nauyi a kan ƙafar, maganarsa ce a gaba da tawa. Gashi kuma ba ya yin alkawarin gwiwar ɗan shekara 20. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka canza wa gwiwa ba ya samun cikakkiyar gamsuwa, ciwon suga da ƙiba da taurin da gwiwar ta shiga tiyata da shi duk suna da tasiri. Mafi yawan cigaban a wata ukun farko ake samunsa, amma kumburi da ɗumi sukan ja watanni, ƙarfi kuma yana ƙaruwa har shekara.

Game da shawo kansa, kada ki je masa da lissafin digiri, kada kuma ku taru a kansa kamar yaro. Ki tambaye shi abin da ya fi kewa: shiga banɗaki ba tare da an riƙe shi ba, ko fita ƙofar gida, ko komawa harkarsa. Ki kai wa mai gashin wannan amsar, ya ɗaura kowane motsi a kanta, don dattijo ya fi jure wahalar da ya san inda za ta kai shi. Yayanki ma tausayi ne ya sa ya goyi bayansa. Ku tafi tare a zama na gaba, ya ga ana aunawa da idonsa, a koya masa yadda zai riƙe ƙafar a gida. Wanda aka ba aiki ba ya cika yin adawa.

A wannan zaman ki nemi a ba ki lamba biyu, digirin lanƙwasa da na miƙewa, ki rubuta su da kwanan wata. A sake aunawa bayan mako guda. In lambobin suna motsi, ko da kaɗan-kaɗan ne, ku ci gaba. In suka tsaya mako biyu a jere duk da ana ƙoƙari, ku koma wajen likitan tiyata, kada ku jira ranar da aka ba ku.